Masu cewa London buɗin ragwaye ne, ku zo mu yi magana

1/ Jiya a wata 'yar gasar rapid da muka yi a nan Dutse na buga London a duk wasan da na riƙe fari. Bayan an tashi wani ya ce wai ni ba ɗan ches ba ne, malalaci ne kawai. To bari in ba shi amsa a nan, kowa ya ji.

2/ Rapid ba wasan awa biyu ba ne. Ko a gasar duniya ta FIDE minti 15 ake bayarwa, da ƙarin sakan 10 a kowane motsi. Duk mintin da ka ƙona kana tuno buɗi, a ƙarshen wasa za ka neme shi ka rasa.

3/ London ba ta da wuya: d4, Bf4, e3, c3, dawakai su fito. Ka san inda kowane kaya zai zauna. Motsi goma ban cika minti ɗaya ba, lokacina na ajiye shi don tsakiyar wasa.

4/ Shi kuma gogan naku ya ƙarar da data a YouTube yana haddar Najdorf har motsi 20. Abokin karawarsa ya buga e4, ya amsa da c5, sai aka buga masa c3. Shi ke nan, Najdorf ta tafi tun a motsi na biyu. Ya zauna yana kallon allo har agogo ya cinye shi.

5/ Kuna cewa manya ba sa buga ta? A 2023, wasa na shida na kambun duniya, Ding Liren ya buga London ya doke Nepomniachtchi. Shi ma malalaci ne?

6/ Gaskiya ɗaya zan ba ku: wanda ke jera London ido rufe zai sha kashi. In baƙi ya buga c5 da Qb6 ya nufi b2, dole ka farka. Amma wannan laifin ɗan wasa ne.

7/ Abin da ke kayar da mu a Jigawa ba buɗi ba ne. Mu ne masu barin doki a banza, masu kasa gama wasa da ruk da sarki. Ana son zuwa NUGA amma ba a son atisaye.

8/ Ka zaɓi buɗi ɗaya na fari, biyu na baƙi. Sauran lokacinka ka ba wa tactics a Lichess, kyauta ne. Wanda bai yarda ba, allo na nan, Asabar bayan la'asar. Ni zan riƙe fari.