Ƙwayar masara ba iri ba ce

'Yan makaranta, ga tambayar da kan kayar da ɗalibai a jarrabawar Bayoloji: ƙwayar masara iri ce ko ɗan itace? Ɗan itace ce. Ɓawonta ya manne da fatar irin da ke ciki, ba sa rabuwa. Haka gero da dawa suke.

Ku ƙirga tabo. Wake tabo ɗaya gare shi, inda ya maƙale cikin kwanso, don haka shi iri ne, kwanson ne ɗan itacen. Masara kuwa biyu: ɗaya a gindi inda ta kama totuwa, ɗayan ɗan ɗigo ne inda gemun masara ya fita.

Ku jiƙa wake yau da dare, da safe ku ɓare shi, zai rabe gida biyu. Ku gwada da masara, ba za ta rabe ba, domin ganyen irinta ɗaya ne tak.