Ƙauye da Birni: A tambayi kuɗi kafin a sa hannu cikin kwano

Kaka ta yi. An ɗaure hatsi, an rore wake, an cire gujiya. Yanzu ne manoma da makiyaya suke shiga birni da yawa. Wani ya kai buhu, wani ya kai rago, wani ya je sayen tufafin iyali. Kuma duk wanda ya wuni a birni, tilas ciki ya tambaye shi.

A nan mutanen karkara suka kasu biyu. Akwai mai tsoro. Shi wannan yana wuni da goro ɗaya a baki, yana jin ƙanshin abinci yana kau da kai, har ya koma gida jiri na ɗibarsa. Akwai kuma mai ganganci. Shi kuwa da kuɗi sun shiga aljihunsa sai ya zauna inda ya ga dama, ya ci abin da aka kawo, sai wajen biya ido ya raina fata. Dukansu biyu sun yi hasara. Labarin wannan wata na wani dattijo ne da ya taɓa zama na biyu, ya koma na farko, sannan ɗan ƙanwarsa ya nuna masa hanya ta uku.

Abin da ya faru bara

Dattijon manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji. Bara ya kai wake Maraɗi, ya sayar, ciniki ya yi kyau. Da azahar ya ga wani gidan abinci mai tebur da kujeru da fanka. Ya ce a ransa yau shi ma zai ci irin na ma'aikata. Ya shiga ya zauna. Yaron gidan ya zo ya ce: "Baba, a kawo kaza?" Ya ce a kawo. "Da dankalin turawa?" Ya ce a kawo. "Da lemu mai sanyi?" Ya ce a kawo. Bai tambayi kuɗin ko ɗaya ba, don yana jin kunya kada a ce baƙauye ne.

Da ya gama, aka ce masa jika uku da rabi. Gumi ya karyo masa. Ya kwance lalita ya biya, mutane suna kallo. Cikin kuɗin da ya ware don turmin uwargida ya cire su. Tun daga ranar, duk inda ya zauna sai ya ce masu abincin birni ɓarayi ne. Ya yi rantsuwa ba zai sake cin kome ba a Maraɗi.

Safiya a bakin tasha

Bana ya sake tafiya, amma tare da ɗan ƙanwarsa, saurayi mai shekara biyu yana zuwa makarantar yaƙi da jahilci. Sun sauka tasha da hantsi. Tun kafin su ɗaga ƙafa saurayin ya ce: "Kawu, a ware kuɗin ci dabam, na buhu dabam." Kawu ya yi gunaguni, amma ya fid da jika uku ya ba shi. Saurayin ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta 3000 a bisa.

Wanda bai ga bakin tashar Maraɗi da safe ba, bai ga abinci ba. Ga mai shayi da teburinsa, da burodi da madara da ƙwai. Ga mai masa tana juya tanda. Ga mai fanke, ga mai awara, ga mai ɗanwake da mai da yaji. Ga ƴan mata da ƙwaryar fura da nono.

Kawu ya nufi wani tire na ƙosai da ke ajiye kusa da hanya. Saurayin ya riƙe hannunsa ya ce: "Kawu, wannan a buɗe yake, kuma ya huce. Dubi ƙuda, dubi ƙurar mota." Suka wuce wurin wata mata da take tsamo ƙosai daga cikin mai a gaban idonsu. Saurayin ya gaishe ta ya ce: "Inna, a ba mu na dala 40, da koko na dala 20." Suka ci da zafinsa. Kawu ya ce ƙosan ya yi daɗi. Matar ta yi dariya ta ce: "Malam, ai wakenku ne. Mu niƙa da suya kaɗai muka sani."

Allon da ke bakin ƙofa

Da azahar an gama ciniki. Saurayin ya ce: "Kawu, nuna mini gidan nan na bara." Kawu ya ce ko kusa. Da ƙyar ya yarda suka tsaya a bakin ƙofa. Ashe akwai allo jingine da bango, an rubuta abinci da kuɗinsa. Bara ma yana nan, Kawu ne bai kula da shi ba.

Sunayen abincin da faransanci aka rubuta su, saurayin bai iya karanta su ba. Amma lamba ba ta da yare. Ya kira yaron gidan ya ce: "Abokina, faɗa mini sunan kowane, ni zan karanta kuɗin." Ga abin da suka samu:

Shinkafa da miya 500
Taliya da nama 750
Dankalin turawa 1000
Rabin kaza 2000
Lemu 500

Da Kawu ya ji an ce ɗari biyar, sai ya ja da baya ya ce: "Ka ji ko! Shinkafa kwano ɗaya dala ɗari biyar!" Saurayin ya ce: "A'a Kawu, dala ɗari ce."

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da waɗanda suka fara karatu. A baki, da dala ake ciniki. A takarda da allo kuwa, da tamma ake rubutawa, wato faran na sefa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Saboda haka lambar da ke rubuce ta ninka ta baki sau biyar. Mai son ya mai da ita dala, ga hanya mai sauƙi: ya ninka lambar biyu, sannan ya share sifili ɗaya na ƙarshe. 500 sau biyu 1000 ne, a share sifili, saura 100. Dala ɗari ke nan. 750 sau biyu 1500, a share sifili, dala 150. Ko lambar da ta ƙare da 5 haka take: 125 sau biyu 250, dala 25.

Takardun kuɗi ma haka suke. Mai 500 dala ɗari ce. Mai 1000 jika ɗaya ce, wato dala 200. Mai 2000 jika biyu, mai 5000 jika biyar, mai 10000 jika goma.

Sai saurayin ya ce: "Kawu, me da me ka ci bara?" Ya faɗa masa. Ya rubuta 2000, ya sa 1000 ƙarƙashinta, ya sa 500, ya ja layi ya haɗa. Ya fito 3500. Jika uku da rabi cif. Kawu ya yi shiru, ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce: "Ashe ba su cuce ni ba. Shekara guda ina zagin bayin Allah."

Suka shiga suka zauna ƙarƙashin fanka. Saurayin ya ce a kawo shinkafa da miya kwano biyu, da ruwan leda biyu. Ya tambayi kuɗin ruwan, aka ce dala biyar-biyar. Ba wanda ya yi musu dariya. Ma'aikacin da ke teburin kusa da su ma sai da ya tambayi kuɗi kafin ya ce a kawo. Tambaya ba ƙauyanci ba ce. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ido zai duba

Kuɗi ba su ne kaɗai abin tsaro ba. Abincin dala 20 yana iya jawo maganin jika biyar. A shekarar 2018 cutar amai da zawo, wadda ake kira kwalara, ta ɓarke a ƙasar Madarumfa da Maraɗi. A 2021 ta sake dawowa, ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta ruwa marar tsabta da abinci da hannu mai dauɗa take shiga jiki. Don haka mai cin abinci a birni ya kula da abu huɗu.

Na ɗaya, zafi. Abin da aka sauke daga wuta yanzu ya fi wanda ya wuni a tire. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma idan abinci ya huce ya daɗe, sai su sake yaɗuwa.

Na biyu, murfi. Ƙudan da ya sauka bisa tuwo, ba a san inda ya tashi ba.

Na uku, wankin hannu. Kwano ɗaya na ruwa da mutum goma suka tsoma hannu ba ya wanke kome, sai dai ya raba dauɗa. A nemi buta, a zuba ruwa bisa hannu, a sa sabuni. Gidan abincin da ya ajiye buta da sabuni ya san aikinsa.

Na huɗu, ruwan sha. A sha na famfo ko na leda da ba a huda ba. A yi hankali da ƙanƙara da zoɓo da ɗanyen ganye idan ba a san ruwan da aka yi aiki da shi ba.

Idan kuwa zawo ya kama mutum, kada ya daina shan ruwa. A samu ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa, ya riƙa kurɓa. Idan zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ga amai, a kai shi likita nan take, kada a jira gari ya waye.

Maraice wurin mahauta

Bayan la'asar, kafin mota ta cika, hayaƙin masu nama ya tashi. Wannan karon Kawu ne da kansa ya ce su je. Shi mai kiwo ne, ya san nama. Ya duba tsire, ya duba balangu, ya ce: "Sarkin fawa, na yau ne?" Mahaucin ya ce: "Na yau ne Baba, daga mahauta, da hatimin malaman dabbobi." Kawu ya ce: "To, na dala 200, kuma a mai da shi bisa wuta." Aka yanka musu da albasa da yaji. Suka sayi kilishi na dala ɗari don tsarabar yara.

Suna ci, wani direba da ke zaune a bencin ya shiga ba su labarin hanya. Ya ce kowane gari da abin da ya fi iyawa. Mai bi ta Madawa ya nemi kilishi. Mai zuwa Damagaram kada ya dawo ba alkaki. A ƙasar Tawa akwai cuku na makiyaya da kifin tabkin Tabalak. A Yamai akwai kifin kogi da dambu da zogale, wanda Zabarmawa suke kira kopto.

Kawu ya saurara, sannan ya ɗaga yankin albasa ya ce: "Wannan fa?" Direban ya ce ta Galmi ce. Ƙulin da ke jikin tsiren, gujiyar manomi ce. Naman, dabbar makiyayi ce. Nonon da ke cikin fura, daga ruga ya fito. Kifin da ake soyawa a Maraɗi, akwai na tabkin Madarumfa. Birni ba ya shuka, ba ya kiwo. Dafawa yake yi. Wanda ya noma abu, ba shi da dalilin jin kunyar zama ya ci shi.

Lissafin cikin mota

Da suka zauna cikin mota, saurayin ya buɗe littafinsa ya karanta wa Kawu:

Ƙosai da koko 300
Shinkafa kwano biyu 1000
Ruwa 50
Tsire 1000
Kilishi 500

Duka 2850. Daga cikin 3000, saura 150, wato dala 30. Ya miƙa masa canjin. Mutum biyu sun ci sau uku, sun riƙo tsaraba, kuma ba su kai abin da Kawu ya kashe shi kaɗai a zama ɗaya bara ba. Kuɗin buhu suna nan ba a taɓa su ba. Uwargida ta samu turminta.

Farashi yana hawa yana sauka. Abin da aka sayar dala ɗari yau, wata mai zuwa yana iya sauyawa, kuma na Yamai ba ɗaya yake da na Maraɗi ba. Amma dala tana nan tamma 5, kuma allo yana nan bakin ƙofa ga mai iya karanta shi.

Kwana uku bayan sun koma, aka ga Kawu da dare a makarantar manya. Ya zauna a tabarmar baya. Malam ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Ya ce: "Malam, a fara mini da lamba."

Aikin wannan wata

Mai karatu ya ɗauki alli ko fensir ya gwada.

1. An rubuta 350 a allo. Dala nawa ne?
2. An rubuta 1250. Dala nawa ne?
3. Makiyayi ya ci tuwo na 400, ya sha fura ta 150, ya ba da takardar jika ɗaya. Canjinsa dala nawa ne?

A kai amsa wurin malamin makaranta. Za a buga amsoshin a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka cikin abin da aka noma, ya kai matafiya gida lafiya.