Sharhi: Gandun Dajin Marhai da rawar da ta kamata ƙananan hukumomin Nasarawa su taka

A watan Nuwamban 2020 ne Gwamnatin Tarayya, a zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ta amince da ƙara sababbin gandun daji na ƙasa guda 10 a kan bakwai da ake da su. Cikinsu har da Marhai da ke Ƙaramar Hukumar Wamba a Jihar Nasarawa, da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da Pandam a Filato. Burin shi ne a kare dazuzzukan da suka rage, a kuma bai wa namun dajin da suka yi ƙaura damar komawa mazauninsu.

Sai dai cikar wannan buri ta dogara ne a kan matakin gwamnatin da ba a cika ambatonsa ba idan ana batun daji, wato ƙaramar hukuma.

A tsarin mulki na 1999, ayyana gandun daji na ƙasa aikin Majalisar Tarayya ne, bisa amincewar jihar da dajin yake. Amma Jadawali na Huɗu ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a tare da kula da su, ya kuma ba su hannu wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Haka nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba su ikon bayar da izinin mallakar filayen karkara domin noma da kiwo.

Ma'anar wannan ita ce, Abuja na iya shata iyakar daji, amma gonakin da ke kewaye da shi, da burtali, da kasuwar da ake sayar da gawayi da naman daji, duk suna ƙarƙashin idon ƙaramar hukuma ne da hakimai da dagatai. Dabba kuwa ba ta san iyaka ba. Da zarar gwanki ko ɓauna ta ƙetare zuwa gonar wani, rayuwarta ta koma hannun mutanen ƙauyen.

Abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar ya isa misali. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure da ke kusa da Yamai. Da aka sa mazauna yankin cikin aikin gadi da rakiyar baƙi masu yawon buɗe ido, suka kuma fara cin moriyar abin, adadin ya haura 600 zuwa 2018. A watan Nuwamban wannan shekara aka ɗauki guda takwas aka kai su Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda fari da farauta suka ƙarar da su kimanin shekara 50 da suka gabata. Kafin a sauke ko guda ɗaya, sai da aka zauna da makiyaya da shugabannin al'umma.

A nan gida ma, Jihar Bauchi ta karɓi namun daji daga Namibiya a 2006, ciki har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka ajiye su a dajin Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar wa jihar Yankari. Kawo dabba aikin mako guda ne. Ciyar da masu gadi, da gyaran shinge, da sasanta manomi da makiyayi, su ne aikin da ba ya ƙarewa.

Shin mene ne ruwan mazaunin Gangaren Tudu a Keffi da dajin da ke can Wamba? Keffi na kan babbar hanyar da ta haɗa Akwanga da Abuja, kuma birane irinta su ne kasuwar itace da gawayin da ake sarowa daga daji. Bugu da ƙari, bunƙasar Abuja ta sa filaye sun yi tsada a Keffi, abin da ke jefa duk wani filin jama'a cikin haɗarin komawa fulotai. Hatta Dutsen Maloney, wanda ke ɗauke da sunan jami'in Turawan mulkin mallaka da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, wuri ne da ke buƙatar kulawar hukuma mafi kusa da shi. Ƙaramar hukumar da ta kasa tsare fili a tsakiyar gari, da wuya ta tsare bakin daji.

A da, uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya raunana wannan uzuri, duk da cewa aiwatar da shi na tafiyar hawainiya.

Saboda haka akwai matakan da ƙananan hukumomi 13 na Nasarawa za su iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba. Majalisun kansiloli su tattara rajistar filayen jama'a da dazuzzukan al'umma, su liƙa ta inda kowa zai gani. Su kafa dokokin sare itace da ƙona gawayi, su kuma daina bayar da gonaki a jikin iyakar gandun daji. A ɗauki mafarauta ƙarƙashin Sarkin Baka aikin gadi da albashi, domin babu wanda ya fi su sanin sawun dabba. A kuma tanadi hanyar biyan diyya ga manomin da namun daji suka yi wa ɓarna, tun kafin ya ɗauki bindiga.

Ita ma Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ya kamata ta bai wa Ƙaramar Hukumar Wamba da masarautun yankin kujera a duk inda ake yanke shawara kan Marhai, da kaso bayyananne daga kuɗin shiga. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi na iya taimakawa da ƙidayar abin da ya rage a dajin, domin a san dabbar da ta dace a dawo da ita.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka bar ƙananan hukumomi a waje, ta wannan tsagar ce masu sare itace da ɓarayin daji za su shiga Marhai tun kafin dabbar farko ta iso.