Daren da Wata Ya Yi Ta Dusashe Mana

A wannan makon labarin wata kunya da muka sha za mu ba ku, da yadda muka fita daga cikinta da kwalbar sifirit da ɗan tsumma.

Mu huɗu ne 'yan aji biyu a jami'a muka aro madubin hangen taurari wurin wani malaminmu, ƙarami mai faɗin baki milimita 80, don mu nuna wa ɗaliban wata makarantar kwana ramukan da ke jikin wata. Da rana mun gwada shi, muka saita ƙarfen sabis da ke can bayan gari, har tsuntsun da ke kansa muka gani tar. Da dare yara suka yi layi. Na farko ya leƙa ya yi ihu don murna. Ta biyu ta ce ta ɗan gani. Kafin a kai na biyar, wata ya koma kamar an ɗiga koko a faranti. Mu murɗa ya dawo, bayan minti ɗaya ya sake dusashewa. Wani ɗan aji uku ya ce, "Yaya, anya ba hoto kuka manna a ciki ba?" Layin ya watse da dariya.

Inda matsalar take shi ne madaidaicin gani, wato ɗan bututun da ke ƙarshen madubin, wanda ake murɗa wasu maɓallai biyu ya shiga ko ya fito har hoto ya fito sarai. Ko rabin milimita ya gota, hoton ya lalace. Da rana madubin a kwance yake yana kallon ƙarfen sabis, babu abin da ke jan bututun. Wata ɗan kwana bakwai kuwa, bayan magariba can sama yake, sai an ɗaga bakin madubin, gindinsa ya kalli ƙasa. Nauyin gilashin da ake sa ido, haɗe da wayar da muka maƙala don ɗaukar hoto, shi ya riƙa zare bututun a hankali.

Washegari ɗayanmu ya zo da man keken ɗinki, wai abin ya bushe ne. Ya ɗiga. Nan take bututun da dā yake zamewa a hankali ya sulluɓo gaba ɗaya, saura ƙiris gilashin ya sha ƙasa. Kayan aro ne fa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Dole muka koma wurin mai shi muka faɗi gaskiya. Malam bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Kun duba yadda aka ƙera shi kafin ku zuba masa mai?" Muka yi tsuru-tsuru.

Ashe madaidaicin gani iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai haƙora, inda wata 'yar giya ke tafiya kan jerin haƙoran da ke jikin bututun. Wannan yana son giris kaɗan. Akwai kuma wanda ake kira Crayford, wanda wani Bature mai suna John Wall ya ƙirƙiro a Ingila, aka fitar da bayaninsa a 1971, sunan kuma na garin da ƙungiyarsu ta masu kallon taurari take ne. Shi ba shi da haƙori ko ɗaya. An shafe gefe guda na bututun ya zama sumul, wani siririn ƙarfe yana danne a wurin, a ɗaya gefen kuma ƙananan boris huɗu suna tallafe da shi. Gogayya kawai ke riƙe da shi, kamar yadda tayar keke ke kama ƙasa. Namu irin wannan ne. Zuba masa mai daidai yake da shafa wa birki man gyaɗa.

Gyaran bai ci mana rabin awa ba. Mun cire gilashin mun ajiye shi nesa a rufe. Muka fito da bututun iyakar fitarsa, muka jiƙa tsumma mai tsabta da sifirit, muka goge shafaffen gefen nan da siririn ƙarfen, muna murɗawa muna gogewa. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, man da muka zuba ya haɗu da ƙurar hunturun bara.

Sai sukurorin da ke ƙasa, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Babban da ake murɗawa da yatsa na kullewa ne bayan an gama saiti. Idan ka ɗaure shi, maɓallan sai su yi ta juyawa a banza. Ƙaramin da ya nutse a ciki, wanda sai da ɗan makulli mai kusurwa shida yake murɗuwa, shi ke ƙara wa ƙarfen ƙarfin danna bututun. Kwata ɗaya na zagaye muka riƙa murɗa shi, mu ɗaga madubin sama da duk nauyinsa, hannu a tare a ƙasa, mu jira. A kwata na biyu ya tsaya cak. Ba mu ƙara ba, domin ɗaurin da ya wuce kima yana sa boris su yi wa bututun zane, murɗawa ta yi tauri, hoto ya riƙa rawa duk sanda aka taɓa.

Wata dabara da Malam ya koya mana: ka ja layi da fensir a jikin bututun daidai bakin gidansa. In hoto ya dusashe amma layin bai motsa ba, to ba zamewa ba ce, idon mai kallo ne ya bambanta da na wanda ya gabace shi, musamman masu sa tabarau. In kuma wata ne ya fice daga fili, juyawar duniya ce, madubin za a bi da shi. Kuma ko don gwaji, kada a kuskura a saita shi ga rana. Makanta ce nan take.

Bayan wata guda mun koma makarantar. Yara sittin da wani abu suka leƙa, layin fensir bai gusa ba. Daga baya muka juya kan Mushtari, duniyar nan da Galileo ya gano watanninta huɗu a 1610. Wata yarinya ta ƙirga ta ce, "Yaya, uku na gani, ina ɗayan?" Muka ce wataƙila ya ɓuya a bayanta. Ta ce to ba za ta tafi ɗaki ba sai ya fito, sai da malamar kwana ta zo ta kora ta.