Bushiyar Japan da Takardun Kakanninmu a Gadarif

A 1994 kamfanin Sega ya fitar da wasan tseren motoci mai suna Sonic Drift a na'urar Game Gear, inda shuɗiyar bushiyar nan, tambarin kamfanin, take tsere da abokanta. A Japan kaɗai aka sayar da shi a lokacin, shi ya sa har yau masu tara tsofaffin wasanni a Amurka da Turai suke yin odarsa daga can, da kwalinsa da takardar bayaninsa. Mu kuwa mukan yi musu dariya, mu ce kuɗi sun yi musu yawa. Mu ne abin dariyar.

Mutanen nan sun san shekarar da kaset ya fito, da wanda ya yi shi, da inda aka sayar. A 2024 Nintendo ta buɗe gidan tarihi sukutum a Uji, kusa da Kyoto. Mu Hausawan Gadarif me muka adana? Kakanninmu sun biyo hanyar hajji, wasu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa Sudan. Sun noma riɗi da dawa a wannan ƙasa, sun bar wasiƙun ajami da takardun gonaki. Gara tana cin su a cikin adaka, masu iya karanta su kuma suna ƙarewa.

Wani zai ce ana yaƙi tun Afrilun 2023, wa yake ta tsohuwar takarda? Ai yaƙin ne hujjarmu. An wawushe Gidan Tarihin Ƙasa da ke Khartum, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba mu manta da Yulin 2022 ba, lokacin rikicin jihar Blue Nile, da aka riƙa kiran Hausawa baƙi har jama'a suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kassala. Wanda ba shi da shaida a rubuce, wasu ne za su faɗa masa ranar zuwansa.

Wayar da yaranmu suke wasa da ita tana ɗaukar hoto da murya. Kowane gida ya ɗauki hoton takardunsa, ya naɗi muryar dattijonsa, ya rubuta suna da unguwa da shekara, ya aika kwafi ga ɗan'uwa a wani gari. A fara kafin damina ta sake jiƙa adaka.