Jarumai uku a hannun yaro ɗaya ba ƙungiya ba ce

A zaman da muka yi kan gasar wasan gem da za a shirya wa matasanmu bayan Sallah, mafi yawan 'yan kwamiti sun karkata ga wasan faɗa irin na uku-uku, wanda mutum ɗaya ke zaɓar jarumai uku yana musanya su a tsakiyar faɗa. Hujjarsu ita ce ya fi sauƙi ga sabon shiga, don in jarumi ɗaya ya faɗi akwai saura biyu, kuma wai yana koya wa yara haɗin kai. Ban yarda ba a wurin, har yanzu ma ban yarda ba, kuma ina so iyaye su ji dalilina kafin a kashe kuɗin ƙungiya.

Wannan salon ba sabo ba ne. Kamfanin SNK ya fito da The King of Fighters '94 a 1994, inda jarumai uku ke shiga ɗaya bayan ɗaya. A 1996 Capcom ya kawo X-Men vs. Street Fighter, wanda ya shahara da musanya jarumi ana cikin dambacewa. Daga nan aka samu Tekken Tag Tournament a 1999, Marvel vs. Capcom 2 a 2000, har zuwa Dragon Ball FighterZ a 2018. Kusan shekara talatin ke nan ana gwada abin, don haka an san halinsa.

Hujjar sauƙi ita ce ta fara rushewa. Yaron da zai buga wasan ɗaya-da-ɗaya jarumi guda zai koya: bugunsa, kariyarsa, da nisan da hannunsa ke kaiwa. A wasan uku-uku sai ya koyi uku, sannan ya koyi wa zai fara sa wa gaba, yaushe zai kira na baya ya kawo ɗauki, yaushe zai janye wanda jininsa ya yi ƙasa don ya farfaɗo. Marvel vs. Capcom 2 na da jarumai 56. In ka lissafa, hanyoyin haɗa uku daga cikinsu sun kai 27,720, kuma kowane jarumi na da irin ɗauki kala uku. Amma a manyan gasa, 'yan ƙalilan ne aka riƙa gani ana maimaitawa, irin su Magneto, Storm, Sentinel da Cable. Wanda bai san wannan ba tun a wurin zaɓe aka cinye shi, kafin a buga ko naushi ɗaya.

Za a ce mini Dragon Ball FighterZ ya sauƙaƙa, domin danna maɓalli ɗaya sau da yawa na fitar da jerin bugu da kansa. Haka ne. Wannan yana sa sabon shiga ya ji daɗi a ranar farko. Amma ku zaunar da shi gaban wanda ya ƙware, za ku ga an ɗaga jaruminsa sama ana ta jibga, ana kiran na baya suna ƙarawa, shi kuwa yana riƙe da hannun gem yana kallo kamar baƙo. Jarumai ukun da aka ce kariya ce gare shi sun zama duka sau uku. A Tekken Tag ma abin ya fi tsanani, don da zarar jaruminka ɗaya ya faɗi an cinye ka zagayen, ko da ɗayan lafiyarsa ƙalau.

To su waye za su ƙware? Mu faɗa wa juna gaskiya. Ɗan da mahaifinsa ya saya masa PlayStation, ga janareto in an ɗauke wuta, shi ke da sa'o'in da zai haddace jarumai uku. Ɗan mai shayi, ko yaron da ke wuni a kasuwa yana taya ubansa sauke buhun albasa, sai abin da ya samu na ɗan lokaci a gidan gem da kuɗin aljihunsa. In muka zaɓi wasan da ke ninka karatu sau uku, mun raba kyautar tun kafin a fara gasar, kuma da kuɗin da dukkanmu muka tara. Wannan ne abin da ya hana ni yin shiru.

Batun haɗin kai kuwa, haɗin kai da wa? Jaruman nan uku zane ne a talabijin, yaro ɗaya ne ke juya su. Masu zuwa gidan dambe sun san yadda ƙungiya take: akwai Arewa, akwai Kudu, akwai Guramada, kowa da ɓangarensa, amma in an shiga fili mutum biyu ne ke fuskantar juna, sauran na gefe suna ba da ƙarfin gwiwa.

Ba na cewa wasannin uku-uku ba su da daɗi. Ga wanda ya iya, da wuya a samu abin da ya kai su armashi, kuma mai son su ya ci gaba da abinsa. Maganata a kan gasar da aka ce ta kowa da kowa ce.

Ga shawarata. A ɗauki wasan ɗaya-da-ɗaya, kamar Tekken ko Street Fighter 6 na 2023. Shi wannan na biyun yana da tsarin danni mai sauƙi ga sabon shiga, an kuma rage ƙarfin bugun da aka fitar ta hanyar sauƙin, don kada a zalunci wanda ya sha wahalar koyo. Sannan a haɗa yara uku-uku na gaske, kowace ƙungiya da gwani ɗaya da masu koyo biyu, kowa da jaruminsa, kuma a ƙirga nasarar kowane ɗayansu. Ta haka dole gwanin ya zauna ya koya wa ƙannensa, don ba zai ci kofi shi kaɗai ba.

Kada kuma wani ya raina gidan gem. Arslan Ash ɗan Pakistan a irin waɗannan wuraren ya taso a Lahore, ya je ya cinye gasar Tekken 7 ta Evo a Japan da Amurka duk a 2019.

Kwamiti zai sake zama kafin a rufe rajista. Duk wanda ɗansa zai shiga, ya zo ya faɗi ra'ayinsa a wurin, ba sai an gama a riƙa gunaguni a majalisa ba. Allah ya shirya mana zuri'a.

Sakataren ƙungiya