Kalmomin Gaggawa Na Turanci, Kowace Da Mazauninta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya taɓa ba ni kunya, don kada ya sami waninmu.

Ran nan da muka fita gwajin koyarwa, wani dattijon Bature ya zo duba aikina. Ya tsaya bakin ƙofa yana gyara takardunsa, yara suna jira. Nufina in yi masa bismilla ya shigo, kuma ina so ya ji na iya Turanci, sai na ce, "Hurry up, Sir!" Ya dube ni, ya yi murmushi. Da aka tashi ya ja ni gefe, ya ce wannan magana uba ke faɗa wa ɗa, ɗa ba ya faɗa wa uba. Na rasa inda zan sa kaina.

Tun daga ran nan na gane ƙamus ma'ana kaɗai yake ba mutum, ba ya gaya masa wanda ya dace a faɗa wa. Ra'ayina shi ne, malamin da ya koya wa yaro kalmar gaggawa bai nuna masa mazauninta ba, ya ba shi wuƙa ce ba kube.

Ku duba asalinsu, za ku ga dalili. "At the double" maganar fareti ce. Soja na tafiya taki wajen 120 a minti, in an ba da wannan umurni sai su koma 180, watau sassarfa. Wa zai faɗa wa surukinsa haka? "Step on it" daga mota ta fito, ana nufin direba ya taka totur. "Chop chop" kuwa daga gurɓataccen Turancin ciniki na Kanton ta ƙasar Sin aka samo ta, ana jinta tun kafin 1840, ga ta da ƙanshin raini. "Post-haste" ta samo asali ne a ƙarni na 16, sa'ad da mutanen Ingila ke rubutu a bayan wasiƙa don ɗan aike ya hanzarta; yanzu ta tsufa, ta fi dacewa da takarda. "Look sharp" ba ruwanta da duba, ma'anarta "maza", kuma na ƙasa ake faɗa wa. In kai ne za ka yi alkawarin sauri, ka ce wa babba "at once", ka ce wa aboki "in a jiffy".

Mu da muka zauna gaban malaman zaure wannan ba baƙon abu ba ne. Masu ilmin balaga sun raba neman abu uku: daga babba zuwa ƙarami umurni ne, tsakanin tsara iltimasi, daga ƙarami zuwa babba roƙo. Ko a Hausa ma, yaro kake ce wa "Maza!" Abokinka ka ce, "Don Allah ɗan hanzarta." Dattijo kuwa sai ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, rana tana yi." Abin da ya kamata in ce wa baƙona shi ne, "The class is ready, Sir." Babu kalmar sauri a ciki, amma da ya fahimta.

Wani zai ce lokacin darasi kaɗan ne, yara su sami ma'ana tukuna, ladabi ya biyo baya. Ban yarda ba, gama sauri ya kan haifi nawa. Yaron nan gobe shi zai rubuta wa na gaba da shi takarda, kalma guda ta ɓata masa roƙonsa, laifin kuwa namu ne. Abin ba wuya: a ja layi biyu a allo, a raba shi gida uku, na babba da na tsara da na ƙarami, kowace kalma a sa ta gidanta, yara su gwada ta biyu biyu.

Mu kanmu kuma mu rage yi wa yara tsawa da "Be quick!" Abin da suka fi ji a bakinmu shi za su ɗauka su kai gaban manya. Allah ya sa mu gane, amin.